Jemagen da ya faɗo ƙasa da haɗarin ciwon haukan kare

Duk wanda ya saba bin titin Liberation a Accra ya san itatuwan da ke kewaye da Asibitin Sojoji na 37, waɗanda rassansu kan lanƙwashe a lokacin rani saboda nauyin jemagu. Idan magariba ta gabato, masu tsire suna hura gawayi, fasinjoji suna turereniyar shiga trotro zuwa Nima da Mamobi da Madina, sai garken ya tashi ya rufe sararin sama, ya nufi gonaki da dazuzzukan bayan gari. Haka abin yake a Kumasi, a gidan namun daji da ke maƙwabtaka da kasuwar Kejetia. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a ganiyar rani garken Accra kan kai dubban ɗaruruwa, wasu shekarun har ya tasar ma miliyan 1, sannan ya ragu ƙwarai idan damina ta sauka, domin yawancinsu kan yi ƙaura neman abinci. Mutanen zango sun rayu a ƙarƙashin wannan garke shekara da shekaru, kuma maganar da ake yi a kansa takan rabu gida biyu. Akwai masu cewa tun suna yara suke ganin jemagu, ba su taɓa jin wanda suka kashe ba. Akwai kuma waɗanda, tun bayan annobar Ebola ta 2014 da ɓullar cutar Marburg a yankin Ashanti a 2022, cututtuka biyu da ake dangantawa da jemagu, suke ganin ya kamata a sare itatuwan a huta. Dukansu garken da ke sama suke kallo, alhali kuwa idan ana batun ciwon haukan kare, jemagen da ya cancanci a damu da shi shi ne guda ɗayan nan da ya faɗo ƙasa, wanda hannun yaro zai iya kai wa gare shi.

Kafin mutum ya gane baƙuwar ɗabi'a, sai ya fara sanin wadda aka saba, kuma a nan ne shawarwarin da ake kwasowa daga intanet kan rikitar da mutane. Yawancinsu an rubuta su ne domin Amurka, inda jemagu ƙanana ne masu cin ƙwari, masu ɓuya a rami ko rufin gida, waɗanda ganinsu da rana tsaka alama ce ta matsala. Jemagen 37 da na Kumasi wani jinsi ne daban, wanda masana ke kira Eidolon helvum, mai launin kara a wuya da baya, mai faɗin fukafukai kimanin santimita 80, kuma 'ya'yan itace da furanni ne abincinsa. A fili yake kwana, a kan reshe, rana na dukansa. Yini yake yi yana ƙara, yana faɗa da maƙwabcinsa a kan wurin ratayuwa, yana fifita jikinsa da fiffike idan zafi ya yi yawa, kuma idan mota ta yi ƙara mai ƙarfi ko wani ya yi harbi, dubbai kan tashi su yi ta kewaya itatuwa da azahar kafin su koma. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke nuna ciwo. Wanda ya ɗauki tashin rana a matsayin alamar hauka, to kullum sai ya ga mahaukatan jemagu a Accra, kuma tsoron da ba shi da tushe ba ya daɗewa kafin ya koma sakaci.

Abin da ya saɓa wa al'ada shi ne jemage ya ware daga garke, ya rataye shi kaɗai a reshe na ƙasa-ƙasa ko a jikin katanga, 'yan uwansa su tashi kiwo da magariba shi ya kasa binsu. Ko a same shi a ƙasa yana jan jiki da faratan fukafukansa, ƙafafun baya sun saki, yana ƙoƙarin tashi yana kifewa. Wani za a ga jikinsa na karkarwa, yana wani irin kuka marar yankewa, bakinsa na dalalar da yawu ko kumfa, kuma duk abin da aka miƙa masa, sanda ce ko takalmi, sai ya kai masa cizo ya riƙe. Wani kuma akasin haka ne, ya yi lamo kamar na gida, mutum ya matso har ya taɓa shi bai motsa ba. Wannan na biyun ya fi ban tsoro a wurina, domin shi ne ke jawo tausayi da sha'awar ɗauka. Lafiyayyen jemage ba ya barin ɗan Adam ya kama shi da hannu, don haka duk wanda ya kamu cikin sauƙi akwai dalili, banza ba ta kai zomo kasuwa. Gwaje-gwajen da likitocin dabbobi na Ghana da abokan aikinsu na Turai suka yi a kan wannan jinsin, waɗanda aka fara wallafa sakamakonsu a 2018, sun nuna cewa idan ƙwayar cutar da ke kawo ciwon ta kai ƙwaƙwalwar jemage takan haifar da irin waɗannan alamu na faɗa da firgita da shanyewar gaɓoɓi, sannan mutuwa cikin 'yan kwanaki.

Sai dai ɗabi'a kaɗai ba ta isa a yanke hukunci, kuma kuskuren na iya zuwa ta kowane ɓangare. Dalilan da ke kayar da jemage ƙasa suna da yawa: dutsen danƙon yara, harsashin mafarauta, wayar lantarki da ta ƙona fiffike, tsananin zafi, yunwa, tsufa, da jarirai da ke suɓuce wa iyayensu a lokacin haihuwa gab da damina. A Amurka, inda ake kai jemagu gwaji da yawa, ko cikin waɗanda aka tsinta a raunane aka kai ɗakin bincike, kimanin kashi 6 cikin 100 ne ake samu da ciwon, a cikin lafiyayyun daji kuwa bai kai kashi 1 ba. Ke nan yawancin waɗanda suka faɗo ba mahaukata ba ne. A ɗaya ɓangaren kuma, jemagen da aka samu ƙwayar a ƙwaƙwalwarsa a Kumasi, wanda aka wallafa rahotonsa a 2015, bai nuna wata alamar ciwo ba lokacin da aka kama shi. Ido ba ya iya wanke jemage daga zargi, ba ya kuma iya tabbatar masa da shi; ƙwaƙwalwar dabbar ake gwadawa a ɗakin bincike kafin a sani. Abin da baƙuwar ɗabi'a ke yi shi ne ta ƙara yiwuwar ciwon, ta kuma kawo dabbar inda mutum zai taɓa ta. Saboda haka tambayar da ke raba gardama ita ce ko haƙori, ko farce, ko yawun jemagen ya taɓa fatar wani, ko da kuwa jemagen ya yi kama da mai ƙoshin lafiya.

Ciwon haukan kare ba ƙwaya ɗaya ce ke kawo shi ba. Dangi ne na ƙwayoyin cuta fiye da 15, kuma kusan dukansu jemagu ne gidansu na asali. Wadda ta fi shahara, wato wadda karnuka ke yaɗawa a Afirka da Asiya, ba a samunta tana yawo a cikin jemagu sai a nahiyar Amurka, inda jemagu masu shan jini ke sa wa shanu da mutane ita a ƙasashen kudu, ƙananan masu cin ƙwari kuma suka zama babban tushen 'yan mutanen da ke kamuwa a arewa. Jemagun Afirka 'yan uwanta suke ɗauke da su. Ta farko da aka gano ita ce wadda aka sa wa sunan Legas, domin a tsibirin Legas aka fara samunta a 1956, a jikin irin wannan jemagen namu na 37. Binciken jini da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jemagun wannan jinsi da aka gwada a Ghana suna ɗauke da alamar garkuwar da jiki ke haɗawa bayan ya yi karo da ita. Wannan adadi yana bukatar a fahimce shi daidai, domin yakan tsorata wanda ya ji shi a gaggauce. Alamar garkuwa tana nufin jemagen ya taɓa haɗuwa da ƙwayar jikinsa ya yi maganinta, kuma waɗanda ke ɗauke da ita a raye a kowane lokaci 'yan kaɗan ne ƙwarai. Amma dai ya tabbatar da cewa ƙwayar tana zagayawa cikin garken da muke wucewa ta ƙarƙashinsa kullum.

Har yau ba a rubuta mutum ko ɗaya da aka tabbatar ƙwayar Legas ta kashe ba, kuma wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa da babbar murya domin hankali ya kwanta. An dai same ta a jikin kyanwoyi da karnuka a kudancin Afirka da Habasha, abin da ke nuna tana iya tsallakawa daga jemage zuwa wata dabba. 'Yar uwarta kuma mai suna Duvenhage, wadda ake dangantawa da ƙananan jemagu masu cin ƙwari, ta kashe mutum a Afirka ta Kudu a 1970, ta sake kashe wani a can a 2006, sannan a 2007 wata 'yar ƙasar Holan da jemage ya karce a fuska a Kenya ta rasu bayan ta koma gida. Ƙaramin rauni ne aka raina a lamarin matar nan, ba a yi allura ba. Mutum uku cikin shekaru kusan 40 adadi ne ƙanƙani, sai dai dole a tambayi yadda ake ƙidayar. A asibitocinmu ba kasafai ake gwada ƙwaƙwalwar mamaci ba, ga al'adarmu ta gaggauta jana'iza, ga kuma kamannin da ciwon ke yi da wasu cututtuka. Wani bincike da aka yi a Blantyre ta ƙasar Malawi, aka wallafa a 2007, ya gano cewa cikin yara 26 da suka rasu ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, 3 ciwon haukan kare ne ya kashe su. Ko inda aka gane ciwon, da wuya a ci gaba da binciken wace ƙwaya ce daga cikin dangin. Rashin rahoto yana nuna haɗarin ƙarami ne, amma bai kai ya zama izinin kama jemage da hannu ba.

Akwai wani ƙarin dalili da ya sa kauce wa cizon ya fi muhimmanci a nan fiye da wasu wurare. Allurar rigakafin da ake da ita an haɗa ta ne da ƙwayar karnuka, kuma tana ba da kariya daga 'yan uwanta na kusa, har da Duvenhage, amma gwajin dabbobi ya nuna kariyarta a kan ƙwayar Legas kaɗan ce ko ma babu. Wani zai ji haka ya ce to mene ne amfanin zuwa asibiti. Amfanin shi ne wanda aka ciza bai san wace ƙwaya ke bakin jemagen ba, likita ma bai sani ba a wannan lokacin, kuma allurar ita ce makamin da ake da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hulɗa kai tsaye da jemage a mataki na 3, wato mafi tsanani, daidai da cizon kare da ya huda fata. Abin da raunin allurar ke koyarwa shi ne kada a jingina da ita har a yi wasa da jemage, kuma a ba wa wanke ciwo matsayin da ya cancanta, domin sabulu ba ya tambayar sunan ƙwaya kafin ya lalata ta.

Yadda ciwon ke tafiya a jiki shi ne ya sa yake da yaudara, shi ne kuma ya sa ake iya tare shi. Ƙwayar ba ta bin jini. Tana shiga da yawu ta wurin cizo ko karta, ko ta ido da baki da buɗaɗɗen rauni, ta zauna a naman wurin na ɗan lokaci, sannan ta kama jijiya ta riƙa hawa a hankali zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya kan ɗauki wata 2 zuwa 3 a yawancin mutane, ko da yake tana iya zama mako 1 ko ta kai shekara, kuma cizon fuska da wuya da yatsu ya fi saurin isa saboda yawan jijiyoyi da kusancin kai. A duk tsawon wannan lokaci mutum lafiyarsa ƙalau, ciwon ya warke, an ma manta da shi, kuma babu gwajin jinin da za a yi masa a ce ya kamu ko bai kamu ba. Daga nan sai zazzaɓi, da ƙaiƙayi ko zugi a tabon da ya daɗe da rufewa, sai rashin barci da firgita, sai maƙogwaro ya riƙa shaƙewa idan an kawo ruwa, har majinyaci ya ture kofi yana kuka alhali ƙishirwa na cinsa, iskar fanka ma ta zame masa azaba. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ba ya yin wannan fizge-fizgen, shanyewa yake yi daga ƙafa zuwa sama. Iyalai da yawa a wannan mataki sukan ɗauka taɓin aljanu ne ko sammu, su yi ta neman taimako daga wannan gida zuwa wancan. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu mai tashi. Dukan damar da ake da ita tana cikin makonnin nan na shiru, lokacin da allura za ta iya sa jiki ya haɗa garkuwa kafin ƙwayar ta isa inda ta nufa. Wannan ita ce dabarar da masanin kimiyya Louis Pasteur ya gwada a kan wani yaro a Faransa a 1885, kuma har yau a kanta ake.

Abu na farko bayan cizo ko karta shi ne ruwa da sabulu, a wanke wurin na tsawon minti 15, ruwa na gudana a kai. Minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo, kuma wanda bai duba agogo ba zai tsaya a minti 2 yana ganin ya gama. A gidan haya da famfo ba ya kawowa, buta da bokiti sun isa, wani na zubawa wani na cuɗawa da sabulun wanki, a kuma ci gaba ko yaro na kuka. Bayan haka a shafa aidin ko sifirit idan akwai. Kada a cusa barkono, ko toka, ko gishiri, ko garin magani, kada a ɗaure wurin tamau, kuma ba a son ɗinke shi nan take. Sannan a tafi asibiti a ranar, a gaya wa ma'aikacin lafiya a fili cewa jemage ne, domin raunin kan yi ƙanƙanta har a sallami mutum da allurar tetanus kaɗai idan bai yi bayani ba. Allurar rigakafin ba sau ɗaya ake yin ta ba. Akwai ta ranar farko, da ta rana ta 3, da ta rana ta 7, wani tsarin kuma yana da ƙarin guda bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma wanda ya tsaya a ta farko saboda ciwon ya warke bai gama kare kansa ba. Ga cizo mai tsanani akwai kuma wani ruwan garkuwa da ake tsirawa a cikin raunin da kewayensa, wanda ya fi tsada ya kuma fi wahalar samu. Idan ƙaramin asibiti ba shi da allurar, a nemi takardar turawa zuwa babba a ranar, kada a koma gida jiran sati mai zuwa. Wanda ya makara da kwanaki ko makonni ma ya je, matuƙar alamun ba su fara ba. Addu'a da tofi ba su hana kowa wannan ba, kuma malaman da ake fara kai wa irin wannan matsala za su ceci rai idan suka ce wa iyaye su wuce asibiti tukuna.

Yara ne suka fi shiga wannan haɗari, kuma a duniya baki ɗaya kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza ba su kai shekara 15 ba. Wanda ya san yaran unguwa ya san abin da ke faruwa idan jemage ya faɗo a bakin kwata ko harabar makarantar allo: a kewaye shi, wannan ya tsokane shi da kara, wancan ya ɗaga shi ta fiffike don ya nuna jarumta, wani ya ɗaura masa zare a ƙafa. Idan ya kai cizo, yaron zai tsotse yatsa ya sa hannu a aljihu, domin ya san abin da zai fara samu a gida shi ne faɗa. Wannan ɓoyewar ita ce ke kisa. Uwar da ta ji labarin jemage a bakin yara, maimakon ta ɗauko bulala, gara ta zaunar da ɗanta ta ce masa, "Zo nan, ɗan albarka, ba dukan ka zan yi ba. Ka taɓa shi da hannu? Nuna mini yatsun." Idan ya ce, "Mma, kaɗan ne ya karce ni, ko jini bai fito sosai ba," to wannan kaɗan ɗin ya isa a ɗauko sabulu a kuma nemi mota. Yaron da ya tabbata ba za a hukunta shi ba shi ne zai faɗi gaskiya a ranar da take da amfani.

Sai kuma kyanwa, wadda ba a cika sa ta a lissafi ba. Gidajenmu na zango ba su cika ajiye kare ba, amma da wuya ka shiga gida babu mage, tana kwana a ɗaki, yara na wasa da ita. Jemagen da ya kasa tashi ganima ce a wurinta, kuma a irin wannan kokawa ce ake cizon ta. Mage da ta shigo da jemage a baki, ko wadda ta sauya hali bayan makonni, ta koma cizo ba dalili, ko ta ɓuya tana dalalar yawu, ko ƙafafunta suka saki, a killace ta a kira likitan dabbobi, kada a kama ta da hannu. Ofisoshin kula da lafiyar dabbobi na gwamnati suna yi wa kyanwoyi allurar rigakafi kamar yadda suke yi wa karnuka, kuma mutane ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa kai tasu.

Idan jemage ya faɗo a tsakar gida, a kore yara da dabbobi, a kifa masa bokiti ko kwali a ɗora dutse, a sanar da ofishin likitan dabbobi ko ma'aikatan kula da namun daji. Idan dole ne a kawar da shi, da shebur ake yi da safar hannu mai kauri, ko ya mutu. Wanda ya riga ya ciji mutum kada a farfasa masa kai, domin ƙwaƙwalwar ce ake bukata wajen gwaji, kuma kada a jira sakamako kafin a fara allura. Ƙananan jemagun da ke zama cikin silin da rufin kwano suna da nasu hukuncin: haƙoransu siriri ne kamar allura, cizonsu na iya wucewa ba a gani ba, don haka idan aka wayi gari aka ga ɗaya a ɗakin da jariri ko mai barci ya kwana, a je a yi wa likita bayani ko ba a ga rauni ba. Gidan sauro yana taimakawa a nan, haka ma toshe ramukan rufi bayan sun fita kiwo da dare. Kashin jemage da fitsarinsa da ke zuba a kan motoci da rumfunan 'yan kasuwa ba sa kawo ciwon haukan kare, wucewa ta ƙarƙashin itatuwan ma ba ya kawo shi. Mangwaron da jemage ya gutsura a yar da shi, saboda wasu ƙwayoyin daban da ake samu a yawunsa.

Waɗanda suka fi kowa cuɗanya da jemagu su ne mafarauta da masu gyara namansu. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa ana sayar da aƙalla jemagu 128,000 a shekara a kudancin Ghana. A gidajenmu ba a saba cin su ba, amma muna kasuwa ɗaya da masu sayarwa, kuma akwai samarin da ke tsince waɗanda harbi ya kayar don su sami na kashewa. Jemagen da harsashi ya raunata yana cizo da dukan ƙarfinsa. Naman da ya gasu ba shi ne abin tsoro ba, hannun da ya ɗauko dabbar da rai da wuƙar da ta fasa kanta su ne.

Masu kiran a sare itatuwa ko a hallaka garken suna da damuwa ta gaskiya, ga ƙara ga wari ga ƙazanta, amma abin da aka gani a wasu ƙasashe bai goyi bayansu ba. A Peru an shafe shekaru ana kashe jemagu masu shan jini da guba, bincike kuma ya nuna ciwon bai ragu a cikinsu ba. A Uganda an hallaka jemagun wani ramin haƙar ma'adinai a 2008 saboda Marburg, wasu suka dawo suka cika ramin, aka kuma sami ƙwayar a jikinsu fiye da da. Hargitsa garke yana warwatsa shi cikin unguwanni, yana kayar da raunana da jarirai ƙasa da yawa a rana ɗaya, wato yana ninka irin haɗuwar da ake gudu. Ga kuma asarar da ba a gani nan take: jemagun Accra da aka liƙa wa na'urar bin sawu an ga suna iya kai irin itace nisan kilomita 75 daga inda suka ci shi, kuma suna cikin manyan masu yaɗa irin loko, itacen da ake kira odum a nan, wanda katakonsa ke cikin mafi daraja a ƙasar. Ƙasar da dazuzzukanta ke ƙarewa ba ta da halin kashe mai yi mata shuka kyauta. Abin da hukuma za ta iya yi mai amfani shi ne ta kafa alluna da Hausa da Twi da Ga da Turanci a wuraren da garken ke sauka, ta hana harbi a tsakiyar gari, ta kuma sa lambar da za a kira idan an tsinci jemage a ƙasa.

Duk wannan bayani bai kamata ya kawar da ido daga inda mutuwar take da yawa ba. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunsa. A Ghana ma kare ne ke kai mutane kabari, ciki har da karnukan da ke yawo a bola da mahauta da tashoshin mota, waɗanda yaranmu ke wucewa ta gabansu a hanyar makaranta ko da babu kare a gidansu. An san cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura yana katse yaɗuwar ciwon, kuma a kan wannan ne hukumomin duniya suka ɗora burin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta hanyar cizon kare nan da 2030. Abin da mai cizon jemage ke bukata shi ne dai abin da mai cizon kare ke bukata: allura a asibitin da ke kusa, a farashin da mai sayar da waake ko ɗan dako zai iya biya ba tare da ya tsallake ta biyu da ta uku ba, da ma'aikacin lafiya da ba zai raina ƙaramin rauni ba. Sarakunan zango da limamai da 'yan majalisar unguwanni suna da bakin da za su nemi wannan a wurin Hukumar Lafiya ta Ghana da sashen kula da lafiyar dabbobi, kuma ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ta ware domin wannan ciwo, lokaci ne da ya dace su gayyaci likitocin dabbobi su zo har cikin Nima da Sabon Zango da Aboabo da Asawase su yi wa karnuka da kyanwoyi allura a ƙofar gida.